Sauya Tsarin Rumbun Bayanai na Gida Zuwa Faya-fayai Marasa Ninki: Nazari Don Amfanin Masu Adana Kayan Bincike

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake sauya tsarin na'urar ajiyar bayanai ta gida daga yanayin da faya-fayanta ke riƙe da kwafin juna zuwa yanayin da babu wannan kariya. An bayyana hanyoyi uku da ake bi wajen yin hakan, da irin asarar da kowacce ke jawowa idan faifai ɗaya ya mutu. Maƙalar ta nuna cewa cire ninki yana iya zama dabara mai kyau ga manazarcin da ke da ƙaramar na'ura, matuƙar an ware kowane faifai ya tsaya da kansa, an kuma tanadi kwafi a wajen na'urar kafin a taɓa komai.

1.0 Gabatarwa

Kayan aikin mai nazarin Hausa a yau sun wuce littafi da kundin digiri. Mai nazarin waƙar baka yana dawowa daga fage da sa'o'i masu yawa na sauti da bidiyo. Mai nazarin rubutun ajami yana tara hotunan shafuka dubbai, wasu daga Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wasu kuwa daga hannun iyalan malamai waɗanda ba lallai su sake buɗe wa kowa akwatinsu ba. Wannan ne ya sa wasu manazarta suka koma sayen ƙaramar na'ura mai ɗaukar faifai biyu ko huɗu, wadda ake jonawa da rautar gida domin kwamfuta da waya su riƙa kai mata ajiya. Masu sayar da ita suna kiran ta NAS. A wannan maƙala za a kira ta rumbu.

Galibin waɗannan rumbuna, idan aka kunna su karon farko da faifai biyu, suna ba da shawarar tsarin da faifai na biyu zai zama madubin na farko. Mai shi ya sayi terabait 8, amma terabait 4 kawai yake gani. Ranar da wurin ya cike, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce ko zai iya ƙwato rabin da ya tafi a kan kariya. Amsar ita ce zai iya, sai dai hanyar tana da ramuka, kuma mafi yawan masu faɗawa cikinsu ba su san mene ne ainihin abin da suke cirewa ba.

2.0 Ninki da Ajiyar Ko-ta-kwana

Akwai kalmomi biyu da ya wajaba a rarrabe. Ta farko ita ce ninki, wato rubuta bayani ɗaya ta yadda ko da faifai guda ya mutu, sauran za su iya fito da shi ba tare da rumbun ya daina aiki ba. Ta biyu ita ce ajiyar ko-ta-kwana, wato kwafi na daban da aka ɗauka a wani lokaci aka ajiye a wani wuri. Kalmar faifai kuwa a nan tana nufin na'urar ajiya mai juyawa da ake zurawa cikin rumbu, ba faifan waƙa ko na fim ba.

Tsarin ninki da aka fi sani shi ne RAID. Sunan ya fito ne daga wata takarda da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka gabatar a shekarar 1988. Hujjarsu ita ce tarin ƙananan faya-fayai masu araha zai iya yin aikin babban faifai mai tsada. Matsalar da suka gano ita ce yawan faya-fayai yana ƙara yawan mutuwa, don haka dole a ware wani kaso na wurin domin cike giɓi. Sun jera matakai biyar. A RAID 1 ana rubuta komai sau biyu. A RAID 5 ana amfani da aƙalla faifai uku, ana ware wurin da ya kai girman faifai ɗaya domin lissafin da zai iya dawo da abin da ya ɓace. Kamfanin Synology yana da nasa salo mai suna SHR, wanda a kan faifai biyu daidai yake da RAID 1.

Abin lura shi ne manufar da aka gina tsarin a kanta. An yi shi ne domin kada aiki ya tsaya. Banki ko kamfanin sadarwa ba zai iya rufe ƙofa na kwana biyu yana jiran a dawo da bayanai ba. Manazarci a gidansa kuwa yana iya jiran mako guda ba tare da ya yi asarar komai ba face lokaci. Abin da ba zai iya jurewa ba shi ne ɓacewar hirar da ya yi da dattijon da ya riga mu gidan gaskiya, kuma a wannan fannin ninki yana da rauni fiye da yadda ake zato. Idan aka goge fayil bisa kuskure, za a goge shi a faya-fayan biyu a daƙiƙa guda. Idan wutar lantarki ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima, ko tsawa ta bi ta waya, faya-fayan biyu a akwati ɗaya suke. Ɓarawo ma ba ya zare faifai ɗaya ya bar ɗaya. Haka kuma manhajojin garkuwa da bayanai, irin su SynoLocker da ta afka wa rumbunan Synology a 2014 da DeadBolt da ta afka wa na QNAP a farkon 2022, sun kulle fayilolin mutane ba tare da tsarin RAID ya hana komai ba, domin madubi yana kwafar kullewar kamar yadda yake kwafar kowane rubutu.

Don haka ninki yana maganin cuta ɗaya ce tak, wato mutuwar faifai. Cuta ce ta gaske, amma ba ita kaɗai ba ce.

3.0 Hanyoyi Uku na Rashin Ninki

A nan ne aka fi samun ruɗani, domin rumbu yakan jera zaɓi uku waɗanda duk suke nuna adadin wuri iri ɗaya, terabait 8 daga faifai biyu masu terabait 4, alhali makomar bayanai a cikinsu ta sha bamban.

3.1 Tsarin Yanka-yanka

Shi ne ake kira RAID 0, kuma ba ya cikin matakai biyar na takardar 1988. Daga baya aka laƙaba masa sunan. Ana yanka kowane fayil ƙanana-ƙanana, a rubuta yanki na farko a faifai na ɗaya, na biyu a faifai na biyu, na uku a koma na ɗaya. Fa'idarsa ita ce sauri, tun da faya-fayan suna aiki tare. Illarsa kuwa ita ce babu wani babban fayil da yake cikakke a kan faifai guda. Mutuwar ɗaya mutuwar duka ce, kuma abin da ya rage a faifan da ya tsira bai fi littafin da aka yage duk shafi na biyu ba.

Saurin ma da ake kwaɗayi, a yawancin gidaje ba a ganin sa. Wayar sadarwa mai gigabit 1, wadda ita ce a jikin galibin ƙananan rumbuna, iyakar abin da take ɗauka a lissafi shi ne megabait 125 a daƙiƙa, a aikace kuma bai cika wuce 115 ba. Faifai guda na zamani yana iya kai wannan adadi shi kaɗai idan babban fayil yake karantawa. Wanda ya zaɓi RAID 0 a irin wannan rumbu ya ɗauki haɗari ne a kan ribar da waya ba za ta bari ta iso gare shi ba.

3.2 Tsarin Jeri

Wannan shi ne JBOD, sunan da ma'anarsa ba ta wuce "tarin faya-fayai kawai" ba. Sunan yana yaudara. A wasu wurare ana nufin faya-fayai masu zaman kansu, amma a rumbunan Synology da QNAP ana nufin a ɗinke su su zama taska ɗaya mai tsawo, ƙarshen na farko ya haɗu da farkon na biyu. Mutane da yawa suna zaton idan ɗaya ya mutu, abin da ke kan ɗayan zai tsira. Zato ne mai rauni. Kundin da ke nuna inda kowane fayil yake a warwatse yake a kan taskar gaba ɗaya, saboda haka idan rabi ya tafi, rumbun ba zai iya buɗe taskar ba. Ƙwararre yana iya tsamo wasu fayiloli daga faifan da ya rage, sau da yawa ba tare da sunayensu ko jakunkunansu ba. Hotunan shafukan ajami dubu goma da suka rasa sunaye da jeri, mayar da su yadda suke wani aikin digiri ne na daban.

Amfanin wannan tsari guda ne: yana karɓar faya-fayai masu girma daban-daban ba tare da an yi asarar wuri ba.

3.3 Tsarin Kowa-da-nasa

A nan kowane faifai taska ce mai cin gashin kanta. Synology na kiran sa Basic, QNAP kuwa Single. Idan na ɗaya ya mutu, na biyu yana nan yana aiki, da fayilolinsa da sunayensu. Wahalarsa ita ce mai rumbu ne zai riƙa raba kaya da kansa, kuma ɗaya na iya cikewa alhali ɗayan na da sauran wuri.

Ƙaramin lissafi zai fito da bambancin. A ƙaddara, domin misali kawai, cewa yiwuwar mutuwar kowane faifai a shekara kashi 2 ne cikin 100. Yiwuwar aƙalla ɗaya daga cikin biyu ya mutu zai zama kashi 3.96, idan kuwa huɗu ne kashi 7.76. Wannan adadi ɗaya ne a duk tsare-tsaren uku. Abin da ya bambanta shi ne girman ɓarna: a tsarin yanka-yanka komai ne zai tafi, a tsarin jeri kusan komai, a tsarin kowa-da-nasa kuwa rabi ko rubu'i, kuma mai shi ya san takamaimai abin da ya tafi. Wannan sanin yana da daraja, domin shi ne zai taƙaita aikin dawo da kaya. Bisa wannan, tsarin kowa-da-nasa ne kaɗai ya cancanci mai adana kayan bincike.

4.0 Shin Wurin Ya Cancanci Haɗarin?

Kafin a rushe komai, yana da kyau a auna abin da ke cinye wurin. Sauti ba shi da ci sosai. Ƙungiyar IASA, mai kula da ma'ajiyoyin sauti da bidiyo ta duniya, tana ba da shawarar a adana sauti a kan kilohaz 96 da bit 24. A wannan ma'auni, sa'a ɗaya ta sauti mai tasha biyu a fayil ɗin WAV tana cin kimanin gigabait 2.07, wato terabait 4 zai ɗauki fiye da sa'o'i 1,900. Shafin A4 mai launi da aka ɗauka a kan ɗigo 600 a inci, aka ajiye a TIFF ba tare da matsewa ba, yana kai megabait 104, wato kimanin shafi 38,000 a faifai guda. Bidiyo ne mai haɗama. Kyamarar da ke ɗauka a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a sa'a, don haka ƙasa da sa'o'i 90 sun isa su cika faifan.

Daga nan za a ga cewa kayan da ke cikin rumbu ba daraja ɗaya gare su ba. Akwai waɗanda in sun ɓace sun ɓace ke nan: hirarraki, da ɗaukar bukukuwa da wasannin gargajiya, da hotunan rubuce-rubucen da ke hannun iyalai. Akwai kuma waɗanda za a iya sake samu: littattafan da aka sauko da su daga intanet, da fina-finan Kannywood da aka tara domin nazari, da kwafin bidiyo da aka matse domin nunawa a aji. Sau da yawa kashi na biyu ne ya cika rumbun, kuma rubuta shi sau biyu ɓarnar wuri ce. Idan kuwa kashi na farko ne ya cika shi, maganin shi ne sayen manyan faya-fayai, domin cire ninki zai ƙara yawan abin da ke buƙatar kwafi a waje ne kawai.

Akwai kuma wata asara da ba a cika ambata ba. Tsarin fayil na Btrfs, wanda yawancin rumbunan Synology ke amfani da shi, yana iya ajiye lambar shaida ga kowane yanki na bayani, ta yadda zai gane idan wani yanki ya lalace a ɓoye. Idan akwai ninki, yakan ɗauko lafiyayyen kwafi ya gyara. Idan babu, iyakarsa ya sanar cewa fayil ya lalace. Sanarwar ma tana da amfani, amma gyaran sai daga ajiyar waje.

5.0 Yadda Ake Sauyawa

Manhajar rumbu tana ba da damar ƙara kariya ba tare da goge komai ba, misali daga Basic zuwa RAID 1, ko daga RAID 1 zuwa RAID 5. Komawa baya ne ba ta yarda da shi. Hanyar da aka amince da ita ita ce a rushe taskar a gina sabuwa, kuma rushewar tana share duk abin da ke ciki. Ke nan aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan kwafin da aka ɗauka kafin rushewa, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Matakin farko shi ne duba lafiyar faya-fayan ta hanyar dogon gwajin SMART, wanda ke ɗaukar sa'o'i da dama. Faifan da ya nuna gurabun da suka lalace bai dace a bar shi shi kaɗai ba. Sai dai cin wannan gwaji ba tabbaci ba ne. Wani nazari da ma'aikatan Google suka wallafa a 2007 a kan faya-fayai fiye da 100,000 ya nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ta SMART ba kafin mutuwarsu.

Sai ɗaukar kwafi zuwa faifan waje, kuma kayan da ba su da madadi a yi masu kwafi biyu, domin daga lokacin da aka rushe taska har zuwa lokacin da aka dawo da kaya, faifan wajen nan shi ne komai. A yi lissafin lokaci tun da wuri. Terabait 3 a kan megabait 100 a daƙiƙa zai ci fiye da sa'o'i 8. Idan ta tsohuwar kafar USB 2.0 ce, zai kai kwana guda cur, kuma ƙananan fayiloli masu yawa suna ƙara jan lokaci. A inda wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, wannan aiki ba ya yiwuwa sai da inbata ko batirin UPS. Zafi ma abin dubawa ne. Masu ƙera yawancin waɗannan rumbuna sun sa digiri 40 a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a ajiye su, alhali Sakkwato da Maiduguri sukan haura wannan a watannin Afrilu da Mayu. Kwafar dogon zango ita ce aiki mafi nauyi da faifai zai yi, don haka dare ya fi rana, damina ko hunturu kuma sun fi bazara.

Tsarin faifan wajen yana da nasa tarko. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, abin da ke nufin dogon bidiyo ba zai shiga ba. Tsarin exFAT da Windows ba sa yarda da wasu alamomi a sunan fayil, kamar ɗigo biyu da alamar tambaya. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su cika ba da matsala a na'urorin yau ba. Wasulan da aka ɗora wa alamar karin sauti ne abin tsoro ga masu nazarin harshe: Unicode yana da hanya biyu ta rubuta wasali irin à, ko a matsayin harafi ɗaya ko harafi da alama a rabe, kuma kwamfutocin Apple sun daɗe suna fifita ta biyu. Sakamakon haka suna biyu da ido ke gani iri ɗaya na iya zama daban a wurin na'ura, manhajar kwafa ta tsallake fayil ko ta ninka shi.

Saboda irin wannan ne ganin saƙon "an gama" bai wadatar ba. Ana fitar da lambar shaida ta SHA-256 ga kowane fayil a rumbu, a fitar da ta kwafinsa, a gwada. Manhajar rsync ma tana iya yin wannan gwaji. Aƙalla dai a ƙirga yawan fayiloli a ɓangarorin biyu, a kuma buɗe wasu daga jakunkuna daban-daban a saurara ko a duba. Idan akwai jakar da aka kulle da mabuɗin sirri, a fitar da mabuɗin a ajiye daban, haka ma fayil ɗin saitin rumbun.

Bayan haka ne ake rushe tsohuwar taska, a gina sabbi guda biyu, kowacce a kan faifai ɗaya. Wannan ɓangaren bai fi 'yan mintoci ba, ko da yake rumbun yakan ci gaba da binciken faya-fayan a bayan fage. A rumbunan Synology babbar manhajar tana zaune ne a wani ƙaramin yanki da aka kwafa a kan dukkan faya-fayai, don haka sunayen masu amfani da saitin sadarwa ba sa tafiya. Ƙananan manhajojin da aka ɗora a kan tsohuwar taska ne za a sake ɗorawa.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi a rumbu mai RAID 1. Sukan cire faifai na biyu daga tsarin, rumbun ya shiga kuka yana nuna taskar ta raunana, su goge faifan su mai da shi taska mai zaman kanta, su kwashe kaya zuwa cikinsa, sannan su rushe ta farkon. Dabarar tana aiki, amma tana tilasta wa tsohon faifai karanta duk abin da ke cikinsa a daidai lokacin da aka goge abokinsa. Masu ilimin Linux kuma sukan yi amfani da manhajar mdadm su rage adadin faya-fayan madubin zuwa ɗaya, hanyar da kamfanonin ba su lamunta ba. Duka biyun ba su ɗauke wa mutum wajibcin kwafin waje ba. Iyakarsu su rage lokacin dawo da kaya.

6.0 Rabon Kaya Bayan Sauyi

Tsarin da ya fi dacewa da rumbu mai faifai biyu shi ne a sa kayan fage a taska ta ɗaya, kayan da ake iya sake samu a ta biyu, sannan a ware wani yanki na ta biyun domin kwafin kayan fage da rumbun zai riƙa ɗauka kowane dare, yana riƙe da tsofaffin zubi na makonni. Ta wata fuska wannan ya fi madubi, domin fayil ɗin da aka goge da rana yana nan a zubin jiya. Ta wata fuskar kuma ya gaza shi, domin aikin da aka shigar bayan kwafin ƙarshe ba shi da kariya. Wannan ya sa bai kamata a goge katin rikoda ko na kyamara ba sai an wayi gari an tabbatar kwafin dare ya gudana.

Kwafin da ke cikin akwati ɗaya da asali bai tsira daga tsawa ko gobara ko sata ba. Ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Ba'amurke Peter Krogh ya yayata, ta tanadi kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. Tura terabait guda zuwa ma'ajiyar intanet abu ne mai tsada ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Abin da ya fi sauƙi shi ne faifan waje guda biyu da ake musanyawa, ɗaya a gida ɗaya a kulle a ofis, a riƙa sauya su duk ƙarshen wata ko duk dawowa daga fage, kuma wanda ke gida a zare shi daga rumbu da soket da zarar an gama kwafa.